Baƙin da Suka Zo Tambayar Aku

Daga Gwaggo

Aku 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Injiniya da yara. Ina fatan ƙaramar ta daina tarin nan da kika ce yana hana ta cin abinci. Ni da sauƙi, gwiwa ce dai ta sa ni gaba, matakalar kemis ma sai na dafa bango nake hawa. Ciniki kuma ga shi nan dai, ba yabo ba fallasa.

Na kira wayarki ba ta shiga ba. Na kira Injiniya ya ce kina wani kwas da ba a barinku da waya. Daga baya ma sai na gode wa Allah da ba ta shiga ba, don maganar nan ba ta waya ba ce. Shi ya sa na ba Direba mai zuwa garinku takardar nan hannu da hannu, ya kai wa mijinki, shi kuma ya san yadda zai yi ta same ki.

Aku, me kika yi?

Ina cikin jera magani a kanta wata farar mota ta tsaya a ƙofar kemis. Mutum biyu suka fito, wani mai gemu da wata siririya mai biro a hannu. Suka gaishe ni da ladabi, suka nuna mini kati, suka ce daga gwamnati suke. Na ɗauka masu duba lasisi ne, har na fara laluben takarduna. Sai matar ta ambaci sunanki cikakke, har da na kakanki. Wallahi sai da na nemi kujera.

Wai tun yaushe na san ki. Wai gaskiya ne kin yi shekara biyu a gidana lokacin kina sakandare. Su waye ƙawayenki. Kina shaye-shaye? Kina caca? Kin taɓa fita ƙasar waje, wa kika sani a can? Ni da na raine ki, ake tambayata ko kina caca!

Na yi aikin nas har na yi ritaya, na san idan hukuma ta fara bin asalin mutum gida-gida, ba lambar yabo za a ba shi ba. Don haka na daure fuska na ce musu, "Ni fa dangantakarmu ta nesa ce. Kakanta da babana wa da ƙane ne, shi ke nan. Ba ta taɓa zama a gidan nan ba, ko a hanya na gan ta ba lallai in gane ta ba."

Mai gemun ya kalli matar, matar ta kalle shi. Ta ce, "Mama, kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ta rubuta, suka yi sallama.

Ki kwantar da hankalinki, ba su sami ko kalma ɗaya daga bakina ba. Amma unguwa ta ɗauka. Matar Tela ta shigo sayen maganin ciwon kai, alhali kanta lafiya lau, wai ta ji an ce kin yi sama da wasu takardun ofis. Na ce mata ta je ta ji da ɗinkin mijinta.

Idan wani abu ne ya faru, ki faɗa mini. Ɗakinki na baya yana nan, babu wanda zai san kina ciki.

Gwaggonki

Daga Aku

Gwaggona,

Amin, wa alaikumus salam. Muna lafiya, tarin ƙaramar ya tafi, Injiniya yana gaishe ki. Gwiwar nan ki daina raina ta, ki je a duba.

Gwaggo, da na karanta takardarki sai da na maimaita, don na ɗauka idona ne. Kin ce musu ban taɓa zama a gidanki ba? Innalillahi! Ni ce fa na ba su sunanki. Da hannuna na rubuta cewa duk duniya, tun bayan rasuwar su Baba, babu wanda ya san halina kamar ki.

Ban saci komai ba, ba kuma kama ni za a yi ba. Tantance ni ake yi. Bari in yi miki bayani yadda za ki gane, iya abin da aka yarda in faɗa.

Kin san aikina fassara ne a ma'aikata. To takardun gwamnati ba duka ake barin kowa ya gani ba. Waɗanda ake ɓoyewa hawa uku ne. Akwai waɗanda in sun fita za a yi ɓarna, akwai waɗanda ɓarnar za ta yi muni, akwai kuma na can sama, waɗanda in suka faɗa hannun da bai dace ba ana iya rasa rayuka. Kamar dai kemis ɗinki: akwai maganin da yake kan kanta, akwai wanda sai da takardar likita, akwai wanda kike kullewa a durowa makullin yana jikinki. Ni ina da izinin hawa na farko tun tuni. Yanzu ana so a kai ni na saman, saboda harshen da nake ji mutane kaɗan ne suke jin sa a wurinmu. Wannan kwaikwayon muryoyin rediyo da ya sa kika laƙaba mini Aku, shi ne ya kawo ni nan.

Kafin a ba mutum wannan izini sai an tone rayuwarsa kaf. Duk gidan da ya zauna, duk makarantar da ya yi, duk ƙasar da ya taka, duk baƙon da yake hulɗa da shi. Sai su bi su tambayi mutane su ga ko maganarsa ta zo daidai. Sun je wurin malamaina, sun je wurin maƙwabtanmu, sun zaunar da Injiniya har ya dawo yana cewa ko neman aurena bai sha irin wannan tambaya ba.

To kin ga abin da ya faru. Ni na ce na yi shekara biyu a gidanki, ke kin ce ba ki ma san fuskata ba. A wurinsu ɗayanmu maƙaryaciya ce, kuma in ni ce, to a ina nake a waɗannan shekarun, me nake ɓoyewa? Shugaban kwas ya kira ni ofishinsa ya ce, "Malama, akwai rami a tarihinki." Sai da takardarki ta iso na gane ramin daga ina yake. Na yi dariya, na yi kuka, ban san wanne ya riga ba.

Na san don ni kika yi, ban kuma ji haushi ba. Na roƙe su sun yarda za su dawo. Don Allah Gwaggo, in sun zo ki faɗa musu komai. Komai da komai, kada ki rage, kada ki gyara. Ko dukan da kika yi mini ranar da na tsallake katanga na je kallon ƙwallo, in sun tambaya ki faɗa.

Ɗakin baya kuma ki bar mini shi, amma don hutu.

'Yarki,
Aku

Daga Gwaggo

Aku,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na ji daɗin labarin ƙaramar. Gwiwa na shafa mata magani, ta ɗan lafa.

Kai, kin sa na ji kunya! Ashe girma ne yake nemanki ni kuma ina ta kore shi da tsintsiya. Na je har shagon Tela na faɗa wa matarsa a gaban masu jiran ɗinki cewa 'yata za ta riƙa ganin abin da ko mijinta ba zai gani ba.

Sun dawo. Wannan karon a falo na zaunar da su, na dafa shayi, na ce su yafe mini, tsoro ne. Mai biron ta yi murmushi ta ce ba ni ce ta farko ba. Na fito da hotunanki na makaranta, na nuna musu ɗakinki, na ba su labarin katanga. Mai gemun har da ƙwarewa don dariya.

Suka zo kan maganar 'yan uwa na waje, na ce ƙanenki Dogo ne kaɗai, yana can ƙetare yana aiki a wani kamfanin ajiye kaya. Suka ce sun sani, kin rubuta. Har sun fara tattara takardu sai na ce, ai ga ma abokin Dogo yana zuwa duba ni, yaron kirki, ni Ɗan Albarka nake ce masa.

Na ga kamar ban taɓa ba ki labarinsa ba, kullum in mun yi waya sauri kike yi. Ya fi wata shida yana zuwa. Ya ce tare suke da Dogo a can, shi kasuwanci ne yake kawo shi ƙasar nan, Dogo ne ya ba shi kwatancen gidana ya ce ya riƙa leƙa ni. Hausarsa da ɗan gargada amma yana ƙoƙari. Shi ya kawo mini na'urar kunnen nan da nake ji da ita yanzu, shi ya gyara mini fankar falo. Yakan zauna mu yi ta hira, in ya gama shan shayi da kansa yake wanke kofinsa.

Mai biron ta mayar da jakarta ƙasa. Ta ce, "Hirar me kuke yi, Mama?"

Na ce hirar duniya. Ta mahaifiyarsa da ba ta da lafiya, ta aikin asibiti na da. Da ke. Yana son jin labarinki, ya ce Dogo kullum cikin alfahari da ke yake. Yakan tambaya wane ofis kike, ko ana tafiya da ke in manya za su fita waje, ko kuna zaman lafiya da Injiniya, ko albashin yana isarku, wace makaranta yara suke.

Aku, da na kai kan makarantar yara sai mai biron ta sake fito da takardarta. Mai gemun da yake dariya ɗazu, fuskarsa ta koma kamar ba shi ba. Suka tambayi sunansa na faɗa, suka tambayi lambarsa na ce ba ni da ita, shi ke zuwa. Suka ce ina da hotonsa? Sai a lokacin na tuna ranar da na so mu ɗauka in aika wa Dogo, ya ce shi ba ya son hoto.

Shayinsu ma ba su ƙarasa ba. Kin ce in faɗi komai, na faɗa. To me na faɗa da ya tashe su haka? Ke ai kin san shi ko? Ya ce kun taɓa gaisawa a waya.

Ki ba ni amsa da wannan zuwan na Direba.

Gwaggonki

Daga Aku

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya.

Ban san mutumin nan ba. Ban taɓa jin muryarsa ba.

Kada ki sake rubuto mini sai na neme ki. Kada ki kira Dogo. Kada ki faɗa wa kowa.

Aku

Daga Gwaggo

'Yata,

Ina gaishe ki ko da ba ki son gaisuwata. Ina gaida yara. Lafiyata ba sai kin tambaya ba, jinina ya hau, na auna da kaina na ga abin da na gani.

Kin ce kada in rubuto. Na yi haƙuri har wata ya wuce, wani ya kama. Kullum Direba ya shigo tasha sai in aika a tambaye shi, ya ce babu saƙo. Injiniya in na kira sai ya ce "lafiya lau Gwaggo" ya kashe. Tun da nake da ke ba ki taɓa rubuta mini "Gwaggo" tsurarsa ba, ba ki taɓa sa hannu babu "'yarki" ba. Na gane. Karon farko na yi shiru na ɓata miki, karo na biyu na yi magana na ƙarasa ki. In aikin ya tafi saboda bakina ki faɗa mini kai tsaye, zan iya ɗauka. Shirun nan ne ba zan iya ba.

Amma dole ki san abin da ya faru, shi ya sa na karya dokarki.

Mai biron ta dawo ita kaɗai. Ta ba ni wata lamba ta ce in ya zo kada in canza masa fuska, in sami dabara in kira. Na ce, "'Yar nan, ki faɗa mini gaskiya, ɓarawo ne?" Ta ce, "Mama, ba kayanki yake so ba." Sannan ta roƙi in ba ta na'urar kunnena za a duba. Na cire na miƙa mata, ta sa a leda ta liƙe. Tun ranar na koma 'yar "na'am? me ka ce?"

Ya zo kuwa. Da yamma, da ledar lemo a hannu, yana murmushin nan nasa. Ya durƙusa ya gaishe ni. Wallahi Aku, da na gan shi sai zuciyata ta ce sharri ake yi wa yaron nan. Na ɗora shayi. Ya lura babu na'urar, na ce batir ne ya mutu. Ya matso kusa da kunnena, ya ɗaga murya ya ce, "Yaya Aku ta gama kwas ɗin nata kuwa?"

Ni ban taɓa faɗa masa kina kwas ba. Rabona da shi tun kafin in sani. Dogo ma ban faɗa masa ba.

Cokalin da ke hannuna ya faɗi. Na ce bari in ɗauko sukari a kemis. Na shiga bayan kanta na danna lambar, har sau biyu ina kuskurewa. Da na dawo yana tsaye. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Gwaggo, yau ba ki tambaye ni jikin mahaifiyata ba." Ya shiga kicin ya wanke kofinsa ya kife, ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya fita. Kafin farar motar ta iso ko ƙurarsa babu.

Bai sake zuwa ba. Lemon yana nan na kasa sha na kasa zubarwa.

Abin da ya fi cina shi ne, ni na buɗe masa baki da kaina. Ba tsare ni ya yi ba. Zama kawai yake yi ya saurara, ni kuma na daɗe ban sami mai zama ya saurare ni ba. Na faɗa masa sunan makarantar jikokina, Aku.

Ki ce mini yaran suna lafiya. Ko layi ɗaya ne.

Gwaggonki, ko kin so ko kin ƙi

Daga Aku

Gwaggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Yara lafiyarsu ƙalau, ga su nan suna faɗa a kan fensir ina rubutun nan. Mun canza musu makaranta, babu abin da ya same su. Ki sha maganin jininki, don Allah, kada ki yi wa kanki likita.

Ki yafe mini takardar nan. Ba fushi ba ne. A gaban jami'i na rubuta ta, shi ya ce in taƙaita, kuma sai da ya karanta kafin ta fita. Ina so in ƙara "'yarki" hannuna ya kasa, don ina tsoron in na fara ba zan iya tsayawa ba. Injiniya ma an ce ya kama bakinsa. Ban san haka za ki fassara ta ba, ni da fassara ce sana'ata.

Ranar da suka baro gidanki, ina cikin aji aka leƙo aka kira ni. A bakin ƙofa aka karɓe katin shigata. Aka kai ni wani ɗaki marar taga, tebur ɗaya, kujera uku. Suka ce wane ne abokin Dogo da yake zuwa wurin gwaggonki? Na ce wane abokin? Da suka karanto mini tambayoyin da yake yi miki, har da ko muna zaman lafiya da mijina, sai na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. An ɗaura mini wayoyi a ƙirji da yatsu, irin na'urar da ke nuna ko gaban mutum ya faɗi in ya ba da amsa. Tambaya ɗaya sai a juya ta a sake yi. An dakatar da ni daga kwas, na zauna a gida ina wanke abin da yake a wanke.

Ga abin da aka yarda in gaya miki. Mutumin ba ɗan kasuwa ba ne, sunan da ya ba ki ma ba nasa ba ne. Aikinsa shi ne ya nemo ta inda za a kama ni: wata damuwa, wani ɓoyayyen abu, wani wanda nake so da za a iya matsa mini ta kansa. Ya saba da mai kamfanin da Dogo yake aiki. Dogo kuma kin san bakinsa, yana ta cika baki cewa yayarsa ce take yi wa manya fassara. Shi ya ba shi kwatancen gidanki, da zuciya ɗaya, yana murna ya sami mai duba masa ke. Yadda ya san zancen kwas kuwa ba a faɗa mini ba, na ga dai an sauya wa wasu mutane wurin aiki. Na'urar kunnenki babu komai a cikinta, za a mayar miki.

Kin ce kin ƙarasa ni. Gwaggo, ke kika cece ni. Babbar jami'ar da ta yanke hukunci ta ce mini ba marar aibi suke nema ba, don babu shi. Wanda bai ɓoye komai ba suke nema, saboda abin da ka ɓoye da shi ake riƙe ka. Ta ce da sai bayan na shiga ne aka gano mutumin nan, da babu wanda zai yarda ban san da shi ba.

An ba ni izinin. Na fara aiki.

Na ɗauka zan yi murna. Wurin ƙofa biyu ne, sai ta bayanka ta rufe ta gabanka take buɗewa. Waya da agogo da jaka duk a akwatin waje ake bari. Ko takardar da na goge biro a kai ba ta fita. Kuma izinin ba ya nufin in ga duk abin da na ga dama, sai abin da aikina ya buƙata kawai. Wadda muke zaune tebur da tebur ban san me take karantawa ba, ita ma ba ta san nawa ba. Na rantse cewa ko na yi ritaya, ko na tsufa kamarki, bakina a rufe yake.

Abin da aka fara ba ni in fassara, da na gama na fito na zauna a mota na kasa tayar da ita. Ina kallon mutane suna wucewa, mai sayar da jarida, mata da yara a bakin titi, babu wanda ya san abin da na sani. Da na isa gida Injiniya ya ce lafiya? Na ce gajiya ce. Haka zan riƙa ce masa ke nan.

Saura maganar da ta fi yi mini nauyi. An sa mini sharaɗi: duk lokacin da na yi magana da Dogo sai na kai rahoto, yaushe, me muka ce. Da aka ba ni dama na kira shi na faɗa masa gaskiya, don ba zan yi masa a ɓoye ba. Ashe tun da mutumin ya ɓace mai kamfanin ya sallami Dogo, takardar zamansa kuma a kan aikin take. Ya ce, "Yaya, wato ke kika ba da sunana? Yanzu in na ce miki ina kwana sai kin rubuta?" Na ce Dogo ka saurare ni. Ya ce, "Ki rubuta wannan ma: ba ni da yaya." Ya kashe. Ya toshe lambata.

Ni na goya yaron nan, Gwaggo. Ban san inda yake kwana ba yanzu. An ce ke kina iya kiransa, babu laifi. Ke ba zai ƙi ɗauka ba.

'Yarki har kullum,
Aku

Daga Gwaggo

Aku 'yar albarka,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta fi mini duk maganin da ke kantata. Jini ya sauka. Ki shafa mini kan yara, ki ce wa Injiniya na yafe masa "lafiya lau" ɗinsa.

Na karanta zancen motar nan na ajiye takardar. Ba zan tambaye ki ba, yau ko gobe. In kin zo kin ce gajiya ce, zan shimfiɗa miki tabarma kawai.

Na kira Dogo. Ya ƙi ɗauka har sai da na yi ta naci. Kin san ba na ji sosai, don haka ihu nake yi, shi ma dole ya yi ihu. Ina jin duk layinmu sun sha labari, matar Tela har da fitowa shanya kayan da suka riga suka bushe.

Ya fara da cewa in maganarki ce in bari. Na ce, "Rufe mini baki, ni na kira." Na ce masa yayarka ta rubuta sunanka ne a matsayin ƙanenta, ko so kake ta ce ba ta da ƙane? Wadda ta faɗi zancen abokinka ni ce. Ni na zaunar da su a falona na zayyana musu komai. In fushi za ka yi ga ni, ka toshe tawa lambar.

Ya ce shi bai san mutumin haka yake ba. Na ce na sani, ni ma da furfurata ban sani ba, ni da kai jirgi ɗaya ya kwaso mu. Sannan na ce, "Dogo, ka san ya tambaye ni makarantar 'ya'yan yayarka? Ka san na faɗa masa?"

Shiru. Na ɗauka layin ne ya yanke, ina ta "alo, alo". Ashe kuka yake yi. Ƙaton mutum, yana shessheƙa kamar ranar da aka kai shi aji ɗaya. Ya ce, "Gwaggo, yaran fa? Wani abu ya same su?" Na ce suna nan suna faɗa a kan fensir.

Yana kwana a ɗakin wani abokin aikinsa, a ƙasa. Ya ce kunya ba za ta bar shi ya dawo hannu rabbana ba. Na ce kunyar ta ci kanta, kemis yana buƙatar mai hawa tsani, ni gwiwa ta hana ni. Ya yi 'yar dariya. Ya ce zai dawo kafin takardarsa ta ƙare, kuma in mutanen farar mota suna son ganinsa, zai zauna da su ya faɗi duk abin da ya sani.

Da za mu yi sallama ya ce, "In na kira Yaya, da gaske sai ta rubuta duk abin da na ce?" Na ce da gaske. Ya ce to shi ke nan, ki tanadi takarda mai yawa, don haƙurin da zai ba ki dogo ne.

Ki bar wayarki a kunne ranar hutunki. Allah ya tsare mini ku gaba ɗaya, na kusa da na nesa.

Gwaggonki